Eriyar Gidan Inna

A unguwannin da ke bayan tudu, babu rufin da bai san tafin ƙafar Dogo ba. Tun yana saurayi yake hawa, da sandar ƙarfe a kafaɗa da sifana a aljihun baya, yana ɗaura wa mutane eriyar talabijin, irin mai kama da ƙashin kifi. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana juya eriya a hankali, ɗaya yana ɗaki gaban talabijin yana ɗaga murya ta taga: "Koma kaɗan! Ka wuce! Tsaya nan!" Na sama shi ne Dogo. Na ƙasa ƙanensa ne, Auta, wanda tun yana ƙarami ko katanga ya hau sai jiri ya kwashe shi. Idan hoto ya fito, masu gida sukan fito tsakar gida, su ɗaga kai su yi wa na sama godiya. Ba wanda ke gode wa mai kallon talabijin. Dogo bai taɓa ganin aibi a cikin haka ba. A wurinsa tsarin duniya ke nan, wani a sama wani a ƙasa.

Da gidan talabijin ya koma sabon tsari, aka ce kowa ya nemi dikoda, masu hali kuma suka ɗaura farantin tauraron ɗan'adam, sai aiki ya fara ja da baya kamar ruwan rani. Auta ya share wani lungu a shagonsu, ya kafa tebur da fitila, ya koyi gyaran waya. Dogo ya koma bakin ƙofa yana kwance fanka yana ɗaurawa, in ya gaji ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar gidan talabijin da ke kan tudu, wadda yanzu tantabaru suka gada.

Ana nan sai wani kamfani ya zo, ya aika a tara masu aikin eriya na garin a tsohon ɗakin karanta labarai, ƙarƙashin hasumiyar. Wata mata ce ta yi bayani, kowa na ce mata Injiniya.

"Mitocin da talabijin ya tashi ya bari," in ji ta, "kamar babban gida ne da masu shi suka ƙaura, ɗakuna a buɗe ba kowa. Mu mun karɓi izini za mu zuba intanet a ciki. Kun ma fi ni sanin halin wannan sigina. Yana tafiya nesa, bishiya ba ta tare shi, katanga ba ta tare shi. Inda waya ta gaza, shi zai kai."

Ta sunkuya ta zaro eriya daga kwali. Ƙashin kifi ce sak, sai dai fara ce kuma ta fi ta da gajarta. Dogo ya zuba mata ido, kamar wanda ya hango tsohon aboki a tasha. Ya gyara zama, ya duba na kusa da shi ko sun lura da wanda ya kamata a kalla.

Amma Injiniya waya ta ɗaga. Ta ce yanzu ba da ido ake gane ƙarfin sigina ba, a kan waya ake karanta shi, wa zai zo ya gwada? Auta ya miƙe yana sosa ƙeya. Ya karɓi wayar, ya latsa nan ya latsa can, ya yi wata tambaya da ta sa Injiniya ta cire tabarau ta sake dubansa. Kafin a tashi shan ruwa ta riga ta faɗa a gaban kowa cewa shi zai shugabanci masu ɗauri na unguwannin bayan tudu. Aka tafa. Dogo ma ya tafa, tafi biyu marasa ƙara. Da aka ce a dawo a zauna za a nuna yadda ake ɗaura eriyar, sai ya ɗauki hularsa ya kama hanya. Shi za a koya wa ɗaurin eriya?

Ba a daɗe ba Auta ya fara zuwa shago da riga mai ƙyalli da hular kwano, a kan babur ɗin kamfani. Wannan bai dami Dogo sosai ba, riga riga ce. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar da wani dattijo ya leƙo ya ce, "Ina Mai Eriya?"

"Ga ni," in ji Dogo, yana goge hannu.

"A'a, ƙaramin nake nema. Na intanet."

Daga ranar sai abin ya zama ruwan dare. Sunan da ya yi shekaru yana amsawa ya tashi daga kansa ya koma kan yaron da ya goya, ba tare da kowa ya nemi izininsa ba.

Auta bai ɓoye masa komai ba. Wata rana da hantsi ya jawo benci ya zauna kusa da shi.

"Yaya, ina neman masu hawa. Waɗanda nake da su in sun taka kwano kamar shanu ne a gona. Ka zo mu yi tare, kamar da."

"Kamar da?" Dogo bai ɗaga kai daga fankar ba. "Da wa ke cewa a tashi a tafi?"

"Kai."

"Yanzu fa?"

Auta ya yi murmushi. "Yaya, suna ne kawai a takarda."

"To ka bar ni da fankata. Ita ba ta da takarda."

Da ya koma gida ya ba matarsa labari, yana jira ta ce ya yi daidai. Tana shanya kaya, ba ta ma juyo ba.

"Wato yunwa a ƙarƙashin kanka ta fi ƙoshi a ƙarƙashin ƙanenka."

"Ke ba ki san aiki ba."

"Na san kishi dai. Mu aka ce muna da shi, ashe a wurinku aka ajiye babban buhun."

"Ni? Kishin Auta? Yaron da na koya wa riƙe filaya?"

"Shi ɗin," in ji ta, ta yarfa riga ta rataye. "Ɗan hakin da ka raina."

Duk wannan da Dogo zai iya haɗiyewa, da abin bai kai gidan Inna ba.

Mahaifiyarsu tana zaune ita kaɗai a gidan da ta haife su, can ƙarshen layi inda waya ba ta kamawa sai an fito bakin titi an ɗaga hannu. Eriyar farko da Dogo ya taɓa ɗaurawa a duniya tana nan a kan rufinta, ta yi tsatsa amma tana aiki, don ita ce ma ke ba dikodarta hoto. Shekara da shekaru duk baƙon da ya zauna a ɗakin Inna sai ya ji labarin. "Dogona ne ya kawo mini duniya cikin ɗaki," takan ce, tana nuna sama da yatsa. Dogo yakan yi kamar bai ji ba, amma da wannan maganar yake tafiya gida.

Suna da 'yar'uwa ɗaya, tsakaninsa da Auta, wadda ke aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, har gida ma Nas ake ce mata. Ta haihu a can, aka sa wa yarinyar sunan Inna, ga shi har ta fara tafiya Inna ba ta taɓa ganin motsinta ba. Muryar Nas kawai take ji a bakin titi, tana zuwa tana yankewa.

Ranar da Dogo ya je gaida Inna, ya tarar da dogon kwali a jingine bayan kujera, da wani ƙaramin akwati fari a kan tebur kusa da talabijin.

"Ka ga abin da Auta ya kawo?" Inna ta shafa kwalin kamar kan jika. "Ya ce ya gama saita komai a ofis, eriya kawai za a ɗaura. Jibi da rana, kafin Nas ta tafi aiki, zan gan ta ido da ido. Har da takwarata! Ya ce zan ga tana tafiya."

"Wa zai hau?"

"Ya ce zai zo da wani cikin mutanensa."

"Rufin nan? Wani zai taka rufin nan?"

"To kai an ce ka ƙi." Ta zuba masa shayi. "Yaron nan, Dogo, Allah ya yi masa kai. Tun yana ƙarami in ya zuba wa abu ido sai ya ga bayansa. Ka ga shi zai kawo mini 'yata cikin ɗaki."

Shayin ya yi masa ɗaci. Maganarsa ce, tasa ta kansa, aka cire sunansa aka sa na wani, kamar yadda ake rage wa ƙane rigar wa.

Ranar da aka sa, tun rana ba ta yi zafi ba Dogo ya iso da tsani a kafaɗa da jakar kayan aiki. Ya ce wa Inna ya zo ne ya rage wa Auta aiki. Ta yi murna, ta ce dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi kuwa abin da ke ransa daban ne. So yake in Auta ya iso da babur ɗinsa da hular kwanonsa, ya tarar an gama, Inna tana nuna sama da yatsa.

Ya ja waya daga farin akwatin, ya fitar da ita ta saman taga, ya bi da ita jikin bango yana kafa ƙusa daidai wa daida, aikin da ko makaho ya shafa zai san na gwani ne. A jikin akwatin akwai wata 'yar fitila ja. Ya ji masu aikin Auta suna cewa in sigina ya kama takan koma kore.

"Inna, ki zauna nan. In ya fito ki gaya mini."

"Yau ni ce Auta ke nan," in ji ta tana dariya.

Ya hau. Ƙafafunsa suka bi layin ƙusoshi inda katako yake a ƙasa, kwanon ko ƙara bai yi ba. Daga nan yana hango hasumiya a kan tudu, a inda take tun fil azal. Ko ido rufe zai iya nuna ta. Ya yanke shawarar ɗaura sabuwar eriya a sandar tsohuwar, ƙasa da ita kaɗan.

Nan ya gamu da matsala. Mariƙin da ya zo da ita, ƙarfen da ke kama ta jikin sanda, an ƙera shi a karkace. In ka bi shi yadda yake, haƙarƙarin eriyar sai su tsaya tsaye, wasu na kallon sama wasu na kallon ƙasa, kamar kifin da ke iyo. Dogo ya juya shi ya sake juyawa, ya yi tsaki. Eriya a kwance take zama, haƙarƙarinta a shimfiɗe kamar fikafikan shaho. Haka ya ɗaura ta farko, haka ya ɗaura dubu bayanta.

"Masu ƙera kaya na yanzu," ya ce da tantabarar da ta sauka kusa da shi, "ba su taɓa hawa rufi ba."

Ya zaro guduma da filaya, ya dafe mariƙin a kan sanda, ya yi ta bugu yana lanƙwasa shi har ya bi abin da yake so. Ya kwantar da sabuwar eriya daidai da tsohuwar, ya saita bakinta ga hasumiya, ya ɗaure noti.

"Inna! Ya fito?"

"Ya fito tangaram!"

Daɗi ya kama shi. Ya sauko da sauri, yana tsallake matakan tsani. Ya tarar da Inna ta juya wa farin akwatin baya, ta kunna talabijin, tana kallon wata mata tana bayanin yanayi.

"Ga shi nan, ko ɗigon yayyafi babu," in ji ta.

"Inna, ai wannan dama yana yi! Fitilar nan na ce ki duba."

"Wannan 'yar mitsitsiyar? Ni tunda nake, in ana juya eriya talabijin ake kallo."

Fitilar tana nan ja wur. Ya juya mata kujera, ya sake hawa. Ya sassauta noti, ya matsa dama, ya matsa hagu, ya ɗaga baki, ya sauke. Duk tambayar da ya jefa ta taga amsa ɗaya ke dawowa: "Ja ce." Rana ta hau, kwano ya fara gasa masa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Mai shayin da ke tsallaken titi da masu zama a bencinsa suka samu abin kallo.

"Mai Eriya na da!" wani ya ƙwala. "Ko a kira ƙaramin?"

A ransa ya riga ya yanke cewa akwatin ne ba shi da kyau, kuma wanda ya saita shi ne bai iya ba. Wannan tunanin ya ɗan sanyaya masa rai.

Yana cikin haka ya ji ƙarar babur. Auta ne, shi kaɗai. Ya kafe babur, ya cire hular kwano, ya ɗaga kai. Kallo ɗaya ya yi wa rufin, Dogo ya ga kafaɗunsa sun sauka.

"Yaya, sannu da aiki."

"Akwatinka ba ya yi."

"Mai hawa nawa ya maƙale a wani gida, ga shi lokaci ya matso, Nas tana jira." Auta ya matso gindin bango ya rage murya yadda na benci ba za su ji ba. "Yaya, tayar da ita tsaye."

"Me?"

"Eriyar. A tsaye ake ɗaura ta. Ta kamfani da ke kan hasumiya a tsaye take, dole wannan ma ta tsaya, in ba haka ba ba za su ji juna ba."

"Tun kana zubar da majina nake ɗaura eriya a kwance."

"Ta talabijin ke nan. Wannan da gangan aka tayar da ita, don kada ta shiga hancin tashoshin da suka rage. An faɗa a wurin taro, bayan an sha ruwa."

Bayan an sha ruwa. Dogo ya ji kunnuwansa sun yi zafi fiye da kwanon. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ba ya son jin ta daga bakin kowa, balle daga ƙasa. Ya kwance noti, ya mirgina eriyar ta tsaya a kan haƙarƙarinta. A idonsa ta yi muni, kamar hula a karkace. Da ya zo ɗaurewa sai mariƙin ya ƙi. Ƙarfen da ya sha guduma ya riga ya buɗe baki, ko ya matse noti har ƙarshe, da ya saki sai eriyar ta sunkuyar da kai.

"Me ya sami mariƙin?" Auta ya tambaya.

"Haka ya zo."

Auta ya dubi gudumar da ke kan kwano, ya dubi agogonsa. "Ba komai. Akwai wani a ofis, amma kafin in je in dawo Nas ta tafi aiki. Za ka iya riƙe ta da hannu? Ba za a daɗe ba."

"Ka taɓa ganin abin da na kasa riƙewa?"

Auta ya shiga ɗaki. Jim kaɗan muryarsa ta fito ta taga, irin ta da, ba abin da ya canja a cikinta. "Dama kaɗan. Ƙara. Ka wuce, koma. Tsaya nan! Yaya, nan ne, kada ka motsa!"

Dogo ya kafa gwiwa ɗaya, ya rungumi sandar da hannun hagu, ya tallafi wuyan eriyar da na dama. Ya daskare. Tagar Inna tana ƙarƙashinsa daidai, duk abin da aka faɗa a ɗaki yana tasowa kamar hayaƙi.

Ya ji ƙarar kira. Ya ji shiru. Sai wata murya da ya daɗe bai ji ta a sarari haka ba ta ce, "Inna? Inna, kina ganina?"

Inna ta yi wata ƙara da ba dariya ba ce ba kuka ba. "Ke ce? Wayyo ni, ke ce! Kin rame. Me ya sami goshinki? Matso in gani. Auta, ka ga tana motsi!"

Dogo ya ji idonsa ya ciko, ya ɗora laifin a kan rana. Yana so ya ga fuskar ƙanwarsa, shi ma rabonsa da ita tun ranar da ya ɗora mata jaka a mota. Amma in ya sauka babu fuskar da za a gani.

"Auta, Allah ya yi maka albarka," muryar Nas ta ce. "Injiniyan gidanmu! Wallahi ka gama mini komai."

"Ai na faɗa," in ji Inna. "Na ce shi zai kawo mini ke cikin ɗaki, ga shi ya kawo. Yaron nan ko shi kaɗai na haifa..." Kuka ya ci sauran maganar.

Gumi ya gangaro wa Dogo cikin ido, ba hannun gogewa. Kafaɗarsa ta fara tsami. Ya jira Auta ya ce wani abu. Auta ya fara, "Ai Yaya ne ya—" amma matan biyu suna magana a tare, maganarsa ta nutse.

Can Nas ta ce, "Ina Yaya Dogo? Ba ya nan?"

Dogo ya kasa kunne.

"Yana waje," in ji Inna. "Yana taya Auta ɗan aiki. Ke dai ina takwarata? Ita nake so in gani."

"Tana barci. Bari in ɗauko miki ita, motar aiki ta kusa zuwa."

Yana taya Auta ɗan aiki. Dogo ya dubi hannunsa na dama, baƙi, jijiyoyi a tashe, yana ɗauke da ƙanwarsa da 'yarta da murnar Inna gaba ɗaya, kuma ba wanda ya sani. Sai wani tunani ya zo masa, ƙarami, mai sanyi. A zamanin talabijin, in masu gida suka shagala da kallo suka manta da na sama, yakan ɗan gusa eriya kamar faɗin yatsa. Hoto ya cika da yayyafi, a yi ca a kira sunansa, sai ya mayar, hoto ya dawo nan take, a yi dariya a miƙo masa ruwa. Wasa ne da bai taɓa cutar kowa ba. Sau ɗaya kawai yake so ya ji Inna ta kira shi, ta san wa ke sama.

Ya karkata wuyan hannunsa. Bai ji komai ba, ya ƙara, har bakin eriyar ya bar hasumiya.

"Af! Ta tsaya!" Muryar Inna ce. "Auta, ta daskare! Dogo! Dogo!"

Ya ji sunan, ya mayar da eriyar daidai inda take, ko gashi bai kuskure ba. Ya jira dariya.

Ba a yi dariya ba. Ya ji Auta yana cewa, "Fitilar ta koma ja. Yaya, kana nan inda kake?"

"Ina nan."

"To riƙe. Sai ya sake nema."

"Nema me? Ai na mayar."

"Ba kamar talabijin ba ne. In ya yanke, sai akwatin ya sake tambaya wace mita ce babu kowa, a ba shi izini, sannan ya haɗu. Yakan ɗauki lokaci."

Dogo ya riƙe. Bai taɓa riƙe wani abu a rayuwarsa kamar yadda ya riƙe eriyar nan ba. A ƙasa Inna tana ta tambaya, ya dawo? ya dawo? Auta yana ba ta haƙuri. Tantabarar ta tashi ta koma tudu. Da fitilar ta koma kore, Auta ya kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Sai saƙo ya shigo, ya karanta wa Inna a hankali: motar aiki ta zo, ta miƙa yarinya ga mai reno, sai ranar hutunta mai zuwa in Allah ya kai mu.

Sannan Dogo ya ji Inna ta ja hanci ta ce, "Har ta ɗauko ta fa. Na ga ƙafarta."

Ya sauke eriyar a kan kwano a hankali. Ya tattara guduma da filaya ya zuba a jaka. Da ya zo bakin rufi, Auta yana ƙasa ya dafe tsani da hannu biyu, kansa a sunkuye don ko kallon sama ya daɗe yana yi jiri yake ji. Dogo ya sauko har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Auta bai saki tsanin ba.

"Yaya," ya ce, yadda su biyu kaɗai za su ji, "duk shekarun da na yi ina zaune gaban talabijin, na san yayyafin iska, na san na hadari. Na kuma san wancan."

Dogo ya buɗe baki, sai ga Inna ta fito, tana goge ido da gefen mayafi. Ta dubi Auta, ta dubi Dogo da ya jiƙe sharkaf da gumi, fuskarta ta yi laushi.

"Kada ka yi masa faɗa, Auta. Laifina ne da na bar shi ya hau. Mutum ya yi ta tsayuwa a rana tun safe, ga girma ya fara kama shi. Hannu ne ya gaji." Ta juya ga Dogo. "Ubanku ma haka ya fara, kofi yana rawa a hannunsa yana musu. Daga yau ka gama da rufi, ka ji ko? Auta, ko ya roƙe ka kada ka bari. Ka sa yaranka su ƙarasa."

Dogo ya tsaya. Kalma ɗaya za ta wanke hannunsa. Zai iya cewa hannun nan lafiyarsa ƙalau, yanzu ma zai iya riƙe eriya har faɗuwar rana. Amma in ya faɗi haka, tambayar da za ta biyo baya ya san ta, kuma Inna ba ta taɓa yin tambaya ta bar ta ba amsa ba. Ya dubi Auta. Auta yana kallon ƙasa, ba zai tona ba, ba kuma zai taimaka ba.

"Kawo in gani," in ji Inna.

Ta kama hannunsa na dama, ta ɗora a kan tafinta, ta juya shi tana duba shi kamar lokacin da yake yaro in ƙaya ta soke shi. Hannun ya kwanta shiru, daram kamar dutse. Ta ɗaga ido ta dube shi, girarta ta fara haɗuwa.

Sai Dogo ya sa yatsunsa suka yi rawa, kaɗan, yadda za ta ji.

"Ka gani ko?" Inna ta ce wa Auta. Ta rufe hannun da nata biyu. "Shigo ka zauna a inuwa, ɗan nan. Auta, ɗauke masa tsanin."